Ta yaya tauraron ɗan'adam ke gane nisan ƙura da hayaƙi daga ƙasa?

Tambaya: Malam, nakan ga hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna ƙura ko hayaƙi sun lulluɓe wani yanki. Tunda daga sama yake leƙowa, ta yaya ake sanin ƙurar dab take da ƙasa ko tana can ƙololuwa?

Amsa: Malam, ka taɓo inda gizo ke saƙa. Hoto shi kaɗai yawan ƙurar yake nunawa, ba ya faɗin inda ta tsaya. Alhali ƙurar da ke ƙasa-ƙasa ita mutane ke shaƙa, wadda ta haura kilomita huɗu ko biyar kuwa, irin ta Sahara, iska kan ɗauke ta har ta tsallaka Tekun Atlantika. A Afrilun 2010, da wani dutse ya yi aman wuta a Aisilan aka dakatar da jiragen sama a yawancin Turai, abin da hukumomi ke neman sani ke nan: a wane mataki tokar take?

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta hasken leza. Tauraron zai harbo ɗan gajeren haske ƙasa, ɓurɓushin da ke iska ya mayar da kaɗan daga ciki, na'urar ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana nufin mita 150, tunda hasken zuwa yake yi ya dawo. Tauraron CALIPSO na Amurka da Faransa ya yi wannan aiki daga 2006 zuwa 2023, yana rarrabe matakan iskar ƙasa-ƙasa mita 30-30. Har hayaƙin da ya hau kan gajimare yana ganinsa. Matsalolinsa a lokacin: hasken siriri ne kamar zare, faɗinsa a ƙasa bai kai mita 100 ba, kuma sai bayan kwana 16 yake sake bin layi guda. Gajimare mai kauri ma yakan tare shi.

Saboda wannan giɓi aka koma ga iskar oksijin, dabarar da har yau take burge ni. An san yawan oksijin a kowane mataki na sama, an kuma san yana shanye wani ɓangare na hasken rana. Idan ƙurar tana sama sosai, hasken zai buge ta ya juya tun bai ratsa oksijin mai yawa ba. Idan tana ƙasa, sai ya dawo an shanye shi da yawa. Daga abin da ya ragu ake lissafo nisan. Na'urar TROPOMI ta Turai, wadda aka harba a 2017, tana yin haka a faɗin kilomita 2,600, kusan duniya duka kowace rana. Sai dai lamba ɗaya tal take bayarwa, ko da ƙurar hawa biyu ce. A kan teku mai duhu tana yin kyau, amma a kan rairayin hamada ko ƙanƙara hasken da ƙasa ke mayarwa yakan ruɗe ta, ta nuna ƙurar ƙasa da inda take. Shi ya sa ba na sakin jiki da lambarta sai an gwada da ta leza.

Akwai kuma na'urar MISR, mai kyamara tara masu kallon ƙasa ta kusurwa daban-daban, a kan tauraron Terra tun 1999. Ɗaga yatsa ka rufe ido ɗaya, sannan ɗayan, za ka ga ya gusa. Haka hayaƙi ke gusawa tsakanin kyamarorin, gwargwadon nisansa daga ƙasa, bayan an cire tafiyar da iska ta yi da shi.

Bayan CALIPSO, aikin leza ya koma hannun EarthCARE na Turai da Japan, wanda aka harba a Mayun 2024.