Ciwon da Ya Zauna a Jiki: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ni manomi ne a Kafin Hausa. An ce ina da hawan jini, kuma na ga an rubuta "kuronik" a katina. Ɗana ɗan sakandare ya ce wai ciwon ya yi tsanani ke nan. Na sha magani wata biyu, ciwon kai ya tafi. In daina?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Wannan kalma ba tsananin ciwo take nufi ba, daɗewarsa take nufi. Mukan rubuta ta idan ciwo ya zauna a jiki wata uku ko fiye. Mutum na iya ɗauke da irin wannan ciwo shekara talatin yana nomansa lafiya lau, alhali kwalara da ba ta daɗewa takan kai mutum ƙasa cikin yini guda.

Amma kada ka daina magani. Hawan jini shi ne awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, kuma yawancin masu shi ba sa jin komai. Tafiyar ciwon kai ba shaidar warkewa ba ce. Ƙwayar da kake sha ce ta danne jinin, ranar da ka ajiye ta zai sake hawa. Da yawa daga cikin masu shanyewar ɓarin jiki da ake kawo mana, da ka tambaya za a ce ai ya ji sauƙi ne ya bar magani. Ka roƙi uwargida ta rage gishiri da dunƙule da kanwa a miya. Gishirin da kake ci a yini duka kada ya kai gram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya.

Tambaya: Mahaifinmu a wani ƙauye kusa da Haɗejiya ƙafafunsa sun kumbura, an ce ciwon ƙoda ne mai daɗewa. Wasu sun ce sammu ne, an kawo jiƙe-jiƙe. Me za mu yi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Wannan tambaya tana taɓa ni, domin ciwon ƙoda ya addabi yankin Haɗejiya har zuwa Nguru da Gashuwa a Yobe, kuma masana na ci gaba da binciken dalilin yawansa a can. Abin da muka tabbatar shi ne manyan masu lalata ƙoda su ne hawan jini da ciwon sukari da aka bari babu kulawa. Sai kuma abin da mutanenmu suka raina: ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake haɗa wa manomi a kemis kullum ya dawo daga gona. Ana kuma zargin aiki cikin rana tsaka a fadama babu isasshen ruwan sha, da feshin maganin ciyawa ba tare da kariya ba.

Don Allah, 'yar'uwa, a dakatar da jiƙe-jiƙen nan yau. Ƙodar da ta raunana ba ta iya tace abin da ba a san yawansa ko ƙarfinsa ba, kuma sau da yawa shi ke ƙarasa ta. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti. Ku nemi a yi gwajin jini da na fitsari, a faɗa muku matakin da ciwon yake, domin matakai 5 ne. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma a matakan farko ana iya rage gudun ciwon na shekaru da magani da gyaran abinci. Wankin ƙoda sai a mataki na ƙarshe, kuma yana cin kuɗin da ke karya gida, shi ya sa nake nacin a fara da wuri. Ku nemi takardar turawa zuwa ga likitan ƙoda; Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da su, har dashen ƙoda ana yi a can. Ku ma 'ya'yansa ku je a auna jininku.

Tambaya: A gwajin aure aka gano ina da ciwon hanta nau'in B. Ni daga Bichi nake. Auren ya fasu ke nan?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. A sake gwajin bayan wata shida. Idan ƙwayar cutar na nan, to ta zauna. Ko da haka ne, a gwada amarya, in ba ta da shi a yi mata allurar rigakafi sau uku. Duk jaririn da kuka haifa a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya ko musafaha, sai ta jini da saduwa da wajen haihuwa, don haka askar wanzami da rezar yanke farce kowa ya riƙe tasa. Ba kowa ke buƙatar magani nan take ba. Likita zai duba hantar, in da buƙata akwai maganin tenofovir mai danne ƙwayar cutar. Ka guji gyaɗa da masara masu fumfuna, suna ƙara wa hanta rauni. Duk mai talla a kasuwa da ya ce zai wanke maka hanta cikin mako biyu, kuɗinka yake so.

Tambaya: Kakata a Gwaram ta yi wata huɗu tana tari, ta rame. An ce na tsufa ne.

Amsa: Babu tarin tsufa. Tarin da ya kai mako biyu, balle da rama ko zufar dare, a kai kaki gwajin tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wannan ciwon ana warkewa sarai in an sha magani wata shida ba fashi. Ku kai ta cikin makon nan, ku tafi da yaran da ke kwana ɗakinta a duba su.