Me ya sa cikakken wasa yake da wuyar samu a ƙwallon besbol?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Amurka, kuma abokan zamana ba su da hira sai ta besbol. Kwanaki na ji suna ta zuzuta wani abu da suke kira cikakken wasa, wai sau 24 kacal aka taɓa yin sa. Mene ne shi, kuma me ya sa ya yi wuya haka alhali kullum ana cikin wasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun faɗi gaskiya. Daga shekarar 1876 da aka kafa babbar gasar Amurka zuwa ƙarshen kakar 2024, an buga wasanni fiye da 230,000, amma 24 ne kawai suka cika.

Ga yadda abin yake. Ana yin zagaye tara, kuma a kowane zagaye mai jifa da abokansa takwas sai sun fitar da masu bugu uku na abokan hamayya. Tara sau uku, 27 ke nan. Cikakken wasa shi ne mutum 27 su zo, mutum 27 su koma, babu ko ɗaya da ya taka tasha ta farko, wato wurin da mai bugu yake fara rugawa bayan ya doki ƙwallo. Hanyoyin kaiwa tashar nan kuwa suna da yawa: mai bugu ya doki ƙwallo ta faɗi inda ba kowa, ko mai jifa ya kauce sau huɗu a ba shi tashar kyauta, ko ƙwallo ta same shi a jiki, ko kuma wani mai tsaro ta kuɓuce masa. Ɗaya daga ciki ya faru, shi ke nan, magana ta ƙare. Kada ka haɗa shi da wasan da aka hana bugu kawai, wanda ake yafe kauce da kuskure. Irin wannan an yi fiye da 300.

Yi lissafin da kanka. Mai bugu yakan kai tasha kusan sau ɗaya cikin uku. Fitar da mutum ɗaya ba wani abu ba ne, amma a jera 27 ba tare da tangarɗa ba, lissafi yana nuna sai a gwada fiye da sau dubu hamsin kafin a dace sau ɗaya.

Lee Richmond na ƙungiyar Worcester ne ya fara, ranar 12 ga Yuni 1880. Bayan kwana biyar John Montgomery Ward na Providence ya maimaita, har a iya zaton abin zai zama ruwan dare. Ina! Sai da aka jira 1904 kafin Cy Young ya yi na uku. Daga na Charlie Robertson a 1922 kuma aka yi shekara 34 shiru. Sai ga 2012 ta kawo uku a kaka ɗaya: Philip Humber, Matt Cain da Félix Hernández. Daga nan ƙofa ta sake rufewa har ranar 28 ga Yuni 2023, da Domingo Germán na Yankees ya yi wa Oakland.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan jerin ba jerin gwanayen gwanaye ba ne. Akwai manya a ciki, irin su Sandy Koufax, da Randy Johnson wanda ya yi nasa a 2004 yana da shekara 40. Amma Nolan Ryan, da ya hana bugu har sau bakwai, bai taɓa samun cikakke ba. Haka Greg Maddux, haka Roger Clemens. Shi kuwa Humber, duk rayuwarsa a babbar gasar nasara 16 ya yi. Don Larsen ma, wanda nasa ya fi kowanne suna domin a wasannin ƙarshe na cin kofi ya yi shi, ranar 8 ga Oktoba 1956 a kan Brooklyn Dodgers, rashin nasararsa ya fi nasararsa yawa. Shekara biyu kafin nan ya sha kashi sau 21 a kaka ɗaya. Sai ga shi ran nan da jifa 97 ya gama da su. Rabo ne ya rantse.

Sunan mai jifa ake rubutawa, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2009, a zagaye na tara, ƙwallo ta riga ta nufi bayan katanga lokacin da mai tsaro DeWayne Wise ya yi tsalle ya cafko ta. Ba don shi ba da ba a san mai jifarsu Mark Buehrle a jerin ba. Wanda abokansa suka kasa tallafa masa kuwa shi ne Harvey Haddix na Pittsburgh. Ranar 26 ga Mayu 1959 ya fitar da mutum 36 a jere, zagaye 12 cur, amma nasa mutanen ba su ci ko ɗaya ba. A zagaye na 13 mai tsaron tasha ta uku na Pittsburgh ya yi mummunan jifa, mai bugu ya kai tasha, daga ƙarshe ma Milwaukee ta cinye wasan. A ganina babu wanda ya taɓa jifa irin na wannan dare, amma dokar da aka tsayar a 1991 ta ce sai an kai ƙarshen wasa ba a taka tasha ba, don haka ba ya cikin 24 ɗin.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Armando Galarraga na Detroit, ɗan Venezuela. Ranar 2 ga Yuni 2010 ya fitar da 26, na 27 ma ya riga shi taka tashar da ƙwallo a hannu, amma alƙalin wasa Jim Joyce ya ce mai gudun ya tsira. Galarraga bai ɗaga murya ba, murmushi kawai ya yi ya koma ya fitar da na gaba. Da Joyce ya kalli hoton bidiyo ya ga kuskurensa, sai ya nemi yaron ya ba shi haƙuri. Washegari Galarraga ne ya kai masa takardar sunayen 'yan wasa a tsakiyar fili, dattijon yana share hawaye. A lokacin doka ba ta yarda a sake duba irin wannan hukunci ba. Sai a 2014 aka faɗaɗa amfani da bidiyo.

Yanzu kuma wani sabon shinge ya taso. Masu horarwa suna ƙirga kowane jifa don tsoron raunin gwiwar hannu da kafaɗa, kuma da wuya a bar mutum ya wuce jifa ɗari. A Afrilun 2022 Clayton Kershaw na Dodgers ya yi zagaye bakwai ba wanda ya taka tasha, da jifa 80 kacal, amma mai horarwa Dave Roberts ya cire shi, saura mutum shida. Kwana uku kafin nan, a Japan, an bar Roki Sasaki ɗan shekara 20 ya kammala nasa, ya fitar da 19 da jifa tsantsa, wato sun kasa doko ƙwallo cikin fili, 13 daga ciki a jere. Da mako ya zagayo ya sake yin zagaye takwas ba tangarɗa, shi ma aka zaunar da shi kafin na tara.