Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Manhajojin Kasuwanci Duk Daga Legas Suke Fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari, kullum sai mun sha fama da sabis, kwastoma na tsaye ya yi tiransifa alat ya ƙi shigowa. Kuma na lura manhajojin da muke karɓar kuɗi da su kusan duk a Legas aka yi su, wai mu ba mu da masu ilimin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Masu ilimi wallahi muna da su, ni kaina ina ganin yaranmu da suke koyon rubuta manhaja da tsohuwar kwamfuta da data ta kwana ɗaya, abin har tausayi yake ba ni. Inda aka fi mu shi ne igiya. Intanet ɗin nan yawancinta ta ƙarƙashin teku take zuwa, cikin zaren gilashi siriri kamar gashi da ake kira faiba, kuma a Legas yawancin igiyoyin suke sauka. Igiyoyin MainOne da Glo-1 sun fara aiki 2010, WACS 2012, Equiano ta Google ta sauka 2022. Kafin ta iso Kano sai an haƙa ƙasa an ja ta kusan kilomita dubu, kowace jiha ta bi sai an biya kuɗin hanya, ga masu aikin titi kuma suna tsinke ta da buldoza ba su ma san me suka taɓa ba.

Ka duba Yaba, wata unguwa a Legas. A 2013 aka shimfiɗa faiba a unguwar, kamfanin MainOne da cibiyar fasaha ta CcHUB da gwamnatin Legas suka haɗa hannu, sai ga matasa sun taru a wajen saboda intanet mai sauri ta samu, ƙananan kamfanoni irin su Andela suka kafu a can. Mai kuɗi kuma inda ya ga ana aiki nan yake zuba jari, Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ɗan Legas ne, a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi sama da dala miliyan 200. Ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyi huɗu suka lalace a teku wajen Kwaddibuwa, ai ka tuna yadda manhajojin banki suka tsaya cak har a Legas ɗin.

Ni abin da yake ci min rai, an daɗe da amincewa kuɗin hanya ya zama naira 145 duk mita, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya a 2020, amma har yanzu ba kasafai za ka ji ƙungiyar 'yan kasuwa ta je wajen gwamna tana neman a ja faiba cikin kasuwa ba. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin shimfiɗa faiba kilomita 90,000, in shugabanninku ba su yi magana ba wasu za su riga mu.

Kafin nan ka sa layi biyu na kamfani daban-daban a POS ɗinka, kuma kar ka saki kaya sai ka ga kuɗin cikin manhajar bankinka, hoton risit ba hujja ba ne.

Tambaya: Malam in sayi Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, don shagon buga takardu?

Amsa: In kana wajen da faiba ba ta kai ba, eh yana aiki, tun 2023 yake Najeriya. Amma ka lissafa kuɗin na'urar da na wata-wata da na sola tukuna, don ba ya aiki in babu wuta, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana rage masa gudu. In ku uku ne ko huɗu a jerin shaguna ɗaya ku yi karo-karo zai fi muku sauƙi.