Na sa sabon Windows, intanet ɗin kebul ya ƙi hawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da cike fom a Agege. Na kai kwamfutar teburina aka goge ta, aka sa mata Windows 11. Da na dawo da ita na soka wayar intanet kamar kullum, sai ta ƙi hawa, alhali sauran kwamfutoci biyu da ke kan rauta ɗaya suna aiki lafiya lau. Wani ya ce in tafi Ikeja in sayo sabon katin intanet, wato wanda ake soka wa wayar. Ina mafita?
Mai karatu daga Agege, Legas

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Katin da yake aiki kafin a goge kwamfuta da wuya a ce ranar ya mutu. Abin da gogewa ke tafiya da shi abu biyu ne: direban kati (manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da shi) da saitin adireshi (lambar da kwamfuta ke amfani da ita a kan rauta).

Fara leƙa bayan kwamfutar, inda wayar ta shiga. Galibi akwai 'yan fitilu biyu a bakin ramin. In ba su kama ba, ciro wayar ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke aiki ka gwada da ita. Danshin Legas yana cin ƙarafunan kan waya, ɗan maƙallin robar kuma yakan karye, kan ya riƙa zamewa.

In waya lafiya take, danna alamar Start da maɓallin dama na linzami, ka buɗe Device Manager. Idan ka ga Ethernet Controller da alamar ruwan ɗorawa a ƙarƙashin Other devices, to ka kama ɓarawon: Windows ta ga katin amma ba ta da direbansa. Wannan ya fi yawa a sababbin allunan kwamfuta masu katin Intel I225 ko I226. Buɗe Properties ɗinsa, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 na nufin Intel, VEN_10EC Realtek, VEN_14E4 kuma Broadcom. Da ɗaya daga cikin kwamfutocinka masu aiki, shiga shafin kamfanin da ya ƙera taka, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar samfurinta, ka sauke direban LAN, wato na katin intanet, ka kwaso a filash. Akwai hanya mafi sauƙi ma: jona wayarka ta Android da kebul, ka kunna USB tethering don kwamfutar ta ari intanet ɗin wayar, ka bar Windows Update ta nemo direban da kanta. Sai dai ka tanadi data, don za ta jawo wasu sabuntawar. Muna roƙonka ka guji manhajojin nan masu alkawarin sa duk direbobi da dannawa ɗaya. Da yawansu tarkacen talla suke shigowa da shi.

Idan katin bai fito ko'ina a jerin ba, shiga BIOS, wato shafin saitin allon kwamfutar, lokacin kunnawa ka tabbatar Onboard LAN na kan Enabled.

To, in direba na nan amma shiru? Buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 alama ce kwamfutar ta roƙi rauta adireshi ba ta samu ba, ta ƙirƙiro wa kanta. Gwada ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. In bai canza ba, nan ne muka fi zargi a shaguna irin naka: mai haɗa layin yakan rubuta wa kowace kwamfuta adireshinta da hannu, gogewa kuma ta share naka. Je kan wadda ke aiki ka rubuta ipconfig /all. In ka ga DHCP Enabled na nuna No, wato da hannu aka sa adireshin, kwafi lambobinta huɗu: adireshi, Subnet Mask, Default Gateway da DNS. Shigar da su a taka, amma ka canza lambar ƙarshe ta adireshin kawai. Misali in waccan 192.168.1.20 ce, ba taka 192.168.1.25, muddin babu mai ita. Kwamfutoci biyu kan adireshi ɗaya rikici ne, sai su riƙa tsinke wa juna layi.

Daga nan rubuta ping da lambar Gateway, wato adireshin rautar, don ka ga ko za ta amsa. In ta amsa, gwada ping 8.8.8.8. Idan wannan ma ta amsa amma shafuka sun ƙi buɗewa, matsalar DNS ce, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba; sa 8.8.8.8 da 1.1.1.1 a gurbinsa. Ka kuma dubi agogon kwamfutar. Tsofaffin kwamfutocin tokumbo batirin allonsu, CR2032, yakan mutu, kwanan wata ya koma baya, burauza ta ƙi yarda da shafuka masu tsaro.

Sai duk wannan ya gaza ne za ka nufi Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja. A can ma ba sai ka buɗe cikin kwamfuta ba: nemi ɗan adaftan USB mai ramin wayar intanet, na gigabit, ka sa a gwada maka shi a gabanka kafin ka biya.