Abin da ke riƙe gwajin ciwon hanta nau'in C bayan masu tallafi sun tafi

Ɗana, jiya muna cikin ƙidayar kayan sito ka tambaye ni abin da ya sa na'urar gwajin ciwon hanta nau'in C take lulluɓe da leda a wani ƙaramin asibiti da ka ziyarta, alhali ba ta lalace ba kuma masu buƙatarta suna nan. Na ce sai mun zauna, domin amsar tana da tsawo.

Ka fara tuna cewa gwajin nan hawa biyu ne. Na farko shi ne na ɗigon jini daga ɗan yatsa, wanda layi biyu ke bayyana a kansa cikin minti 20 ko makamancin haka, kuma iyakar abin da yake nunawa shi ne jikin mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu jikinsu yakan kore ta da kansa cikin wata shida, amma alamar takan zauna a jini, haka ma ga wanda aka yi wa magani ya warke. Saboda haka dole a yi gwaji na biyu, na RNA, wanda ke tabbatar da ko ƙwayar tana nan har yanzu. A da sai an tura jini babban ɗakin gwaji, a ce wa majiyyaci ya dawo bayan makonni, kuma da yawa ba sa dawowa, tun da cutar takan yi shekaru tana cin hanta ba tare da mai ita ya ji ciwo ba. Na'ura irin GeneXpert ta kamfanin Cepheid ta rage wannan jira zuwa kimanin awa ɗaya. Da yake magungunan yanzu suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 a mako 8 zuwa 12, majiyyacin da ya fita ƙofa ba da sakamako ba babbar asara ce.

To, ita na'urar sau ɗaya ake sayenta, amma kullum sai an ciyar da ita. Kowane gwaji yana cin katirij ɗaya, wato ɗan mazubin da ake zuba jinin a ciki a saka a na'urar, wanda yake da ranar lalacewa, kuma ba a ajiye shi a zafin da ya wuce digiri 28. Na taɓa buɗe kwali cike da katirij na tarar wa'adinsa ya wuce da wata biyu, saboda an sayo da yawa lokaci guda don a kashe kuɗin tallafi kafin shekara ta ƙare. Ranar nan ban iya cin abinci ba. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji babu batirin ajiya, katirij ɗin ya tafi, sai a sake huda yatsan mutum. Ƙura tana toshe matatar iska ta bayan na'urar, ana kuma buƙatar duba daidaiton aikinta kowace shekara. Ga shi sau da yawa mutum ɗaya aka koya wa aikin, da an yi masa canjin wuri sai ɗakin ya yi tsit. Duk waɗannan ƙananan kuɗaɗe ne masu maimaituwa, kuma idan ba a shigar da su kasafin ma'aikatar lafiya tun masu tallafi suna nan ba, ranar da suka tafi ake jawo leda.

A ganina, dabarar da ta fi amfani ita ce a daina ware ciwon hanta shi kaɗai. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan na'ura don gwajin tarin fuka, kuma ita ce dai ke auna yawan ƙwayar cutar HIV, saboda haka idan shirye-shiryen uku suka haɗa hannu a kan na'ura ɗaya, sai su raba kuɗin gyara da na horar da ma'aikata. Inda majiyyata ba su da yawa, ba na ganin hikimar ajiye na'ura. Gara a ɗiga jini a takardar musamman, ya bushe, a aika babban ɗakin gwaji. Masar ta gwada mutane fiye da miliyan 50 a gangamin da ta fara a 2018, kuma abin da ya sa ya yi tasiri shi ne gwamnati ta ɗauki nauyin gwajin da maganin tare, da magani mai rahusa da ake yi a cikin ƙasar. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ke ɗauke da cutar a duniya, ta kuma sa 2030 a matsayin shekarar kawar da barazanarta, babu kuwa allurar rigakafi.

Naka aikin a nan shi ne littafin rajista. Duk wanda layi biyu suka fito masa, ka rubuta ranar da aka yi masa RNA, ranar da ya fara magani, da ranar da zai dawo gwajin tabbatar da warkewa, wato mako 12 bayan ya gama. Da wannan littafi ake zuwa gaban masu tsara kasafi. Gobe da safe kuma ka fito da katirij ɗin da wa'adinsu ya fi kusa ka jera su a gaba, sannan ka wanke matatar iskar.