Amsoshin Tambayoyinku: Hutun Hawan Keke a Tsaunukan Alps

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan mako, dukkansu a kan hutun hawan keke a tsaunukan Alps lokacin zafin Turai, wanda yake faɗowa daidai da daminarmu.

Ni ɗalibi ne a Liyon, a Faransa. Mu uku muke son zuwa bayan jarrabawa, kuma babu wanda ya taɓa gangarowa daga tsauni a keke a cikinmu. Ina za mu nufa, kuma yaushe?

Ƙanena, ku nufi Morzine ko Les Gets, ƙauyuka biyu maƙwabta a yankin Portes du Soleil, a kan iyakar Faransa da Suwizalan. A Les Gets aka yi gasar keken tsauni ta duniya a 2004 da 2022, saboda haka masu ba da haya da masu koyarwa ba su da wuyar samu. Kujerun lantarki masu tafiya a kan igiyar ƙarfe, waɗanda ke hawar da mutum da kekensa sama, yawanci suna aiki ne daga wajen tsakiyar Yuni zuwa farkon Satumba. Ku tabbatar da ranakun kafin ku biya kuɗin masauki. Hanyoyin suna da launi: kore, shuɗi, ja, baƙi, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Ku tsaya a kore da shuɗi, ku ɗauki mai koyarwa a rana ta farko, kuma ku fita da safe, don hadari kan haɗu da yamma a watannin Yuli da Agusta.

Daga Abuja nake. Ina so in sayi sabon keken tsauni mai tsada in tafi da shi, don kada in yi kunya a gaban Turawa. Wane iri ya fi?

Malam, kunyar me? Sati ɗaya za ka yi. Za ka zuba miliyoyin naira a keke, ka biya kuɗin ɗaukarsa a jirgi zuwa da dawowa, sannan ya zo ya jingina a gareji, don babu inda za ka samu kayan gyaransa cikin sauƙi. Ka yi haya a can. Ko da hayar ta kai wajen Yuro 100 a rana, ba ta kama ƙafar kuɗin saye ba, kuma in wani abu ya lalace akwai makaniki a shagon. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne birki. A Faransa birkin gaba a hannun hagu yake, alhali duk wanda ya saba da babur ya san na gaba a dama. Ka ce su juya maka kafin ka fita. Damƙe birkin gaba bisa kuskure a kan gangara shi ne ke wuntsila mutum ta kan ƙaho.

Na ga hular kwano a intanet ɗauke da sunan babban kamfani, farashinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wanda ake sayarwa a shago ba. In saya?

Kada ka saya. A nan zan daɗe, don wannan halin namu yana damuna matuƙa. Mutum zai biya tikitin jirgi, ya biya otal, ya biya biza, bai yi ciniki ba ko sau ɗaya, amma da an zo kan abin da zai kare masa ƙwaƙwalwa sai ya fara neman araha. Mun saba da jabun takalmi da jabun turare, in sun lalace kuɗi kawai aka yi asara. Hular kwano ba a gane ta jabu ce sai ranar da kai ya haɗu da dutse, kuma a ranar babu komawa wajen mai kaya.

Aikin hular yana cikin soso mai tauri da ke ƙarƙashin robar. Shi ne yake murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun, don kada ya isa ga ƙwaƙwalwa. Masu jabu sun iya fenti, sun iya tambari, amma ba su gwada komai ba. Wata tana darewa biyu kamar ƙwarya. Masu shekaru za su tuna farkon 2009, da aka tilasta wa 'yan acaɓa sa hula, aka riƙa ganin wasu da ƙwarya kife a ka don tsira daga tara. Wanda ya sayi jabu abin da ya yi ke nan, sai dai shi bai san ya yi ba.

Ka duba cikin hular, ka nemi alamar CE da lambar EN 1078, ma'aunin Turai. Ta gangaren tsauni, mai rufe haɓa, ta ƙwarai takan zo da ASTM F1952. Amma masu jabu su ma suna buga waɗannan lambobi, shi ya sa nake cewa a saya a shago mai ba da rasit. Ta gwanjo ma na hana. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba ta nuna tsagewa a waje ba, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka tarihinta ba. In kuɗi ya gaza, ka rage kwana ɗaya daga hutun, ko ka karɓi hayar hula tare da kariyar gwiwa da ta baya a shagon da ka ɗauki keke, ka jujjuya ta da hannunka ka duba kafin ka sa.

Ɗana mai shekara 19 zai je tare da abokan karatunsa. Wallahi tun da ya faɗa mini ban yi barci mai kyau ba. Me zan yi?

Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Tsoronki na uwa ne, kuma yana da dalili, don ana faɗuwa, ana karaya, musamman a kafaɗa da wuyan hannu. Amma iyalai da ƙananan yara ma suna hawa hanyoyi masu sauƙi a can kowace shekara. Ki sa hankalinki a kan inshora. Bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, sai dai da yawa daga cikin masu araha ba sa biyan raunin da aka ji a gangaren keke. Ki sa ya nuna miki a rubuce cewa tasa ta haɗa da wannan wasa da kuma ceto da jirgi mai saukar ungulu, don a Suwizalan da Ostiriya ana turo wa mutum takardar biyan kuɗin ceton, kuma daga Morzine hanya kan tsallaka da mahayi Suwizalan. Ya ajiye lambar kiran gaggawa ta Turai, 112, a wayarsa, kada ya hau shi kaɗai.

Ki kuma ja masa kunne kan abinci. Tartiflette, girkin dankali da cuku da yankin ya shahara da shi, da naman alade ake yi, don haka ya riƙa tambaya kafin ya ci. Rana tana kaiwa bayan ƙarfe tara na dare kafin ta faɗi a ƙarshen Yuni, sai ya sauke jadawalin salla na garin a wayarsa. Ku yi alkawari ya kira ki kullum da zarar ya mayar da keken shago. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo miki da shi lafiya.