Maigidana yana fitsarin jini, kunya ta hana shi zuwa asibiti

Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya ga a intanet wai maza na zura wani siririn ƙarfe ta hanyar fitsarinsu don ƙarin jin daɗi. Ya sayo, ya ce in taya shi, na ƙi, sai ya yi da kansa. Yanzu in zai yi fitsari sai ya dafe bango saboda raɗaɗi, kuma na ga jini a gajeren wandonsa. Ya karɓo ƙwayoyi a kemis, ya ce musu sanyi ne. Ya rantse ba zai iya buɗe baki ya gaya wa likita ba. Anti, ya zan yi?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki lallaɓa shi ku je asibiti yau, kada abin ya kwana.

Cikin hanyar fitsari na da taushi ƙwarai, ta namiji kuma doguwa ce, kusan santimita 20, ga lanƙwasa. Ƙarfe na iya yaga ta, ya tura ƙwayoyin cuta cikin mafitsara, daga nan su haura ƙoda ko su shiga jini. Ko ma'aikatan asibiti ba sa saka robar fitsari sai sabuwa daga leda, da safar hannu da man santsi na musamman. Ɗauraye ƙarfe da ruwan zafi a gida ba ya kai wannan tsaftar.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tabo. Raunin kan warke ya bar tabon da ke matse hanyar, bayan watanni fitsari ya koma ɗigo-ɗigo, har ta kai ga tiyata.

Dole ya faɗa wa likita gaskiya. A wajenmu da an ji fitsarin jini sai hankali ya tafi kan tsargiya ko sanyi, in ya ɓoye, za a yi ta maganin abin da ba shi ke damunsa ba. Likitocin mafitsara sun saba ganin irin wannan, kuma riƙe sirri aikinsu ne. In zazzaɓi ko rawar ɗari ya kama shi, ko fitsarin ya tsaya cak, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. In wani abu ya maƙale a ciki, kada ya yi ƙoƙarin zaƙulo shi.

Ƙin da kika yi daidai ne. Amma ki bar gori tukuna, ki ce masa za ki raka shi, in ya so ki jira a waje ya shiga shi kaɗai. Allah Ya ba shi lafiya.